Jirgi Ba Gadon Amarya Ba Ne: Abin Da Ake Shafa Wa Kwale-kwale A Bakin Gagare



Idan kika sauka Kaura Namoda a watan Maris, wani ya ce miki a ƙasar nan akwai masu cin abinci da tuƙin jirgin ruwa, za ki ɗauka zolaya ce. Gulbin Gagare da ke gefen garin a wannan lokaci yashi ne fari fat, sai 'yan kududdufai nan da can, sai ramukan da mata da yara suka tona suna kwarfar ruwa, sai masu ɗibar yashin gini. Ɗan acaɓa yakan ratsa tsakiyar gulbin ya wuce ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba. In ana maganar jirgi a Kaura, na ƙasa aka sani, domin nan ne layin dogon da ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a 1929, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga. Amma kafin Bahaushe ya ga na ƙasa ko na sama, kalmar jirgi ta na ruwa ce. Sauran aron suna suka yi.

Ki dawo a watan Agusta ki ga ikon Allah. Yashin nan da kika taka da silifas ya zama ruwa jajawur mai gudu, yana tafe da karan dawa da rassan itace da duk abin da ya tarar a hanya. Gagare ya wuce Kaura ya nufi arewa wajen Shinkafi. Ta gabas kuma ga Bunsuru, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa ta Zurmi. Can ƙasa ruwayen biyu suke haɗuwa su shiga gulbin Rima, ya bi ta Sabon Birni da Goronyo har Sakkwato. Tsakanin gulaben nan da ƙoramun da ke zuba cikinsu akwai ƙauyuka birjik, na ƙasar Banga da Moriki da Zurmi da Shinkafi. Inda babban titi ya bi akwai gada. Inda bai bi ba kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, abin da ke tsakanin mace mai naƙuda da asibiti 'yan katakai ne da aka haɗa da ƙusa, da mutum ɗaya riƙe da gwangwala.

Shi ya sa yau na kawo miki maganar da ba ki saba ji daga bakin ma'aikaciyar jinya ba: me ya kamata a shafa wa jirgin katako? Na san za ki ce wannan ai zancen kafintoci ne da masunta. To, aikin rigakafi da awon ciki a karkara ya sa na shiga kwale-kwale sau da yawa, akwatin sanyi na allurai a cinyata, ƙafafuna cikin ruwan da ya tsattsafo ta ƙasa. Abin da aka shafa wa jirgin nan yana taɓa mu ta hanya biyu. Shi ne yake tare ruwa, shi ne kuma yake manne wa tafin hannun yaron da ya dafa gefen jirgi, sannan ya kai hannun baki.

A bazarar da ta wuce na je gaisuwa wajen dangin mahaifiyata a ƙasar Banga, hanya ta bi da ni ta wani mashigi da ba zan ambaci sunansa ba, kin dai san halin da yankinmu ke ciki. Jirage uku ne a kife kan yashi, gindin wata tsamiya. Tsohon da ke fito a wurin yana zaune yana cusa tsumma a tsakanin katakai da bakin wuƙa. Ɗansa, wanda ya koyi kafinta a Gusau, ya zo da gwangwanin banish, wato man sheƙin nan da ake shafa wa gado da sif na amarya har ki ga fuskarki a jiki. So yake jirgin ubansa ya fi na kowa ƙyalli. Ya riga ya shafa a gefe guda, launin katakon ya fito kamar zuma. Gaskiya ya yi kyau.

Bayan mun gaisa, tsohon ya nuna wurin da haɓa ya ce, "Ɗiyata, ke da kinka yi boko, hwaɗa mai. Jirgi ba gadon amarya ba na. Wanga abu, kahin ruwa su zo rana ta cinye shi."

Na yi dariya na ce, "Baba, ai ni allura na sani." Amma tsohon yana da gaskiya, kodayake shi ma galan ɗin baƙin man da ke ajiye kusa da ƙafarsa akwai magana a kansa, za mu zo wurin.

Ki fara da abin da kika sani a gidanki. Ƙofar katako takan kumbura da damina ta ƙi rufuwa, da hunturu kuma ta saki har iska na shigowa ta gefe. Turmin da aka bari a rana yakan tsage. Katako ko an sare shi shekara ashirin bai daina shan ruwa da fitar da shi ba, yana kumbura yana motsewa. Abin mamakin shi ne, zama cikin ruwa kaɗai ba ya kashe shi. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani jirgi a binne. Da masana suka tono shi suka auna, sai aka tarar tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma wajen 8,000, babu wanda ya kai shi tsufa cikin jiragen da aka gano a Afirka. Itacen dangin maɗaci ne, maɗacin nan dai da muke jiƙa sassaƙensa. Abin da ya raya shi shi ne ya zauna cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, iska ba ta kai gare shi, yanayinsa bai canja ba. Katakon da ya zauna a jiƙe kullum yana daɗewa, wanda ya zauna a bushe kullum ma yana daɗewa. Wanda ake jiƙawa a busar, a jiƙa a busar, shi ne mai gajeren kwana.

To jirgin Gagare da na Bunsuru ba su da wata rayuwa sai wannan. Wata uku ko huɗu a ruwa, sauran watannin a kan yashi, hunturu ya tsotse shi, ranar Afrilu da ke haura digiri 40 ta gasa shi, gara kuma tana jira ta ƙasa. Jirgin Yawuri da ke kan kogin Kwara shekara zagaye yana cikin ruwa, ya fi namu hutawa nesa ba kusa ba. Saboda haka duk abin da za a shafa wa namu dole ya zama mai bin katako, ya miƙe in ya kumbura, ya dawo in ya motse.

Banish na kayan ɗaki ba ya bin kowa. An yi shi ne don ya bushe da wuri, ya yi tauri kamar gilashi, ya zauna a inuwar ɗaki. In katako ya motsa a ƙarƙashinsa sai ya tsattsage, tsagar da ido ba ya gani da farko. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya kwanta tsakanin banish da katako, ya rasa hanyar fita, ruɓa ta fara daga ciki alhali waje na ƙyalli. Ga kuma rana. Tunda banish garai yake, hasken rana na ratsa shi ya cinye fatar katakon da yake manne da ita, sai ki ga yana ɓarewa falle-falle kamar fatar wanda ya yi ƙyanda. Sannan in ya jiƙe santsi gare shi, mace mai ciki wata takwas ba ta buƙatar ƙarin santsi a ƙarƙashin ƙafarta.

Akwai banish da aka yi musamman don jiragen ruwa, irin wanda masu kwale-kwalen shaƙatawa a Amurka da Ingila ke amfani da shi. Mai ya fi yawa a cikinsa, don haka yana da taushi yana bin katako, an kuma sa masa sinadarin da ke rage ɓarnar rana. Sai dai ana shafa shi ne siriri-siriri, shafi shida ko fiye, ana goge kowane shafi da samfefa bayan ya bushe, a wurin da babu ƙura, a kuma sabunta shi kusan duk shekara. Ki dubi wannan sharaɗi na rashin ƙura, ki dubi bakin gulbi a watan Fabrairu. Ko su masu shi a saman jirgi suke shafa shi, inda ido ke gani, ba a gindin da ke kwana cikin ruwa ba, jiragensu kuma a rumfa suke kwana. Mai fiton da ke karɓar 'yan canji a hannun manoma ba shi da wannan kuɗi, ba shi da wannan lokaci.

Fenti ya fi banish amfani a rana irin tamu, domin launin da ke cikinsa yana tare haske, katako ya samu inuwa. Fari ko mai haske ya fi, ba ya ɗaukar zafi. Amma a nan ne nake so ki buɗe kunne, domin mu 'yan Zamfara ba a yi mana bayanin dalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta yi shekaru tana jinyar waɗanda suka tsira. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake daka a niƙa a cikin gidaje, ba daga fenti ba. Amma dalma dalma ce ko ta ina ta shigo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a kira marar illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, yaro ya taso ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, sun sha gano dalma mai yawa a wasu gwangwanaye, musamman rawaya da ja da ruwan lemo. Waɗannan kuwa su ne launukan da mai jirgi ke so don a hango shi daga nesa. Fentin jirgi yana gogewa, yana zama gari, yara na zaune a kai suna cin gyaɗa. In maigidanki ko ɗan'uwanki na da jirgi, a sayi fentin da aka rubuta a jikinsa cewa babu dalma, a guji ragowar fentin ƙarfe da na titi da ake sayarwa a kwalba ba suna. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa wurin tukuna don kada ƙura ta tashi, yara da masu ciki su yi nisa, mai aikin kuma ya wanke hannu ya canja riga kafin ya ɗauki ɗansa.

Sai kwalta, wadda ita ce ainihin abokiyar jirgin karkara. Ana narka ta a rabin duro, a tsoma tsumma ko auduga a cusa a tsakanin katakai, a bi da shafi a gindin jirgin ta waje, wani lokaci a rufe babbar tsaga da fallen kwano a buga ƙananan ƙusoshi. Ba ta da kyan gani, tana ɓata zane, amma tana yin abin da ake nema: ruwa ba ya narkar da ita, kuma ko ta huce tana da ɗan taushin da za ta bi katako. Aibinta biyu ne. Baƙa ce, in aka kife jirgi a tsakiyar rana sai ta yi laushi ta zube daga inda aka cusa ta, shi ya sa jirgi ke son inuwa, a ɗora shi kan duwatsu don gara, a rufa masa zana. Na biyu, kwalta tana rufa asiri. Ruɓaɓɓen katako in ya sha sabuwar kwalta sai ya fito kamar lafiyayye.

Yanzu mu koma kan galan ɗin tsoho. Baƙin mai, wato man injin da bakanike ya juye daga mota ko babur ko injin ban ruwa, kusan kyauta ake samunsa, kuma gara ba ta son sa, don haka ake shafa shi a katakon rufi, a turken awaki, a jirgi. Na fahimci dalilin, talaka yana neman abin da zai kare dukiyarsa. Amma ni dai da za a ba ni zaɓi tsakanin banish ɗin yaron da baƙin man uban, na fi tsoron na uban. Banish asarar kuɗi ce. Baƙin mai kuwa ba ya bushewa har abada, kullum yana fita, kuma abin da ke cikinsa gurɓataccen ƙarfen inji ne da ragowar ƙonewar mai, waɗanda yawan cuɗanya da su ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje, masana kuma suna gargaɗin cewa a tsawon shekaru suna ƙara haɗarin kansar fata. Ba ya toshe tsaga ko ɗaya. Yana ma hana kwalta da fenti kama katako daga baya.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake shafa shi. A kan yashin gulbi ake wannan aiki, da rani. Abin da ya ɗiga yashi ya shanye. Taku kaɗan daga nan ga ramin da yarinya ta tona tana jiran ruwa ya taru ta cika jarka ta kai gida, a sha, a dama kunun jariri. Da damina kuma jirgin ya shiga ruwa, ki ga wani maiƙo mai launin bakan gizo yana bin sa a baya, a ruwan da ake kama tarwaɗa da karfasa. Mun saba da baƙin mai har mun mayar da shi magani. Na ga an shafa shi a ƙuna, na ga an shafa a ƙazuwa, na taɓa karɓar jariri ɗan kwana biyar da aka shafa masa a cibiya. Don Allah uwargida, in kin ga ana haka a gidanku ki yi magana, ko da surukarki ce, cikin ladabi.

Kafin kwalta da baƙin mai su zo mutane ba su zauna haka nan ba. Iyayenmu da suka san makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa daɓe da katanga don ruwa ya zame, sun san sirrin tare ruwa da abin da daji ya bayar. A Mali, masu haɗa jirage a Mopti an san su da cusa tsumma a tsakanin katakai su bi da man kaɗe da aka kwaɓa da garin gawayi. Shi kansa banish na asali ba wani abu ba ne illa ƙaron itace da aka narka cikin mai, dangin ƙaron maje da muke sa wa a turaren wuta. Man kaɗe ba ya cutar da yaro ko kifi, sai dai yana son a riƙa sabunta shi, ga shi yanzu ya yi tsadar da mace za ta fi so ta shafa wa ɗanta da hunturu. Man gyaɗa kuwa kada ma a fara, yana ɗoyi, yana kiran ɓera da kiyashi. Akwai kuma gam mai haɗi biyu da jiragen faiba, suna da kyau, amma gam ɗin yana son busasshen katako mai tsabta da hannun wanda ya iya, jirgin faiba kuma sai gwamnati ko ƙungiya.

In kin tambaye ni, bayan duk wannan, ga inda na tsaya. Tsakanin katakai a cusa auduga da kwalta. Gindin jirgi ta waje a yi masa kwalta siririya, a kan katakon da aka tabbatar lafiyayye ne, wanda ya ruɓe a cire shi, kada a yi masa kwalliya. Gefen sama da wurin zama a yi fenti mai haske marar dalma, ko a bar su haka. Cikin jirgi inda ake taka ƙafa a bar shi ya sha iska. Kwanaki kafin fara fito a jiƙa jirgin, a bar shi cikin ruwa katakai su kumbura su matse juna, domin busasshen jirgi ranar farko kwando ne. Duk wannan aikin Afrilu da Mayu ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Banish kuma, tunda yaro ya riga ya saya, ya shafa wa filafili da allon da aka rubuta sunan jirgi.

Kada in bar ki da tunanin cewa shafi ne kaɗai ke kifar da jirgi. A watan Satumba na 2024 jirgi ya kife a Gummi ɗauke da mutum wajen 70, akasari manoma masu zuwa gona. A watan Agusta na 2025 wani ya kife da mutum fiye da 50 a hanyar kasuwar Goronyo. A Afrilun 2022 mutum 29, yawancinsu yara da matasa, suka rasu a ƙaramar hukumar Shagari. A Nuwamban 2021 aka yi na Bagwai a jihar Kano, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. A mafi yawan irin waɗannan, abin da aka fi ambata shi ne lodi fiye da kima. A yankinmu kuma akwai ƙarin wani abu da sauran wurare ba su sani ba: wani lokaci mutane ba kasuwa za su ba, gudun rai suke yi, an shigo gari, jirgi ɗaya ne a bakin ruwa, wa za ka ce wa ya jira sahu na biyu?

Amma yoyo da lodi 'yan gida ɗaya ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka huɗu masu lita 25 in suka tsattsafo cikin jirgi, kilo 100 ke nan, kamar an ƙara mata biyu da ba wanda ya gan su balle ya ƙirga su. Kuma waɗannan matan ba sa zama wuri ɗaya. Da jirgi ya ɗan karkata, duk ruwan sai ya kwarara gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danna shi. Jirgin da aka toshe da kyau yana iya yafe kuskuren lodi kaɗan. Mai yoyo ba ya yafewa.

Saboda haka in tafiya ta kai ki mashigi, ko kasuwar Shinkafi za ki ranar Alhamis, ko awo, ko biki, ki ɗan tsaya kafin ki sa ƙafa. Kada ƙyalli ko sabon fenti ya ɗauke miki hankali, ki leƙa ciki. Kowane jirgin katako yana ɗan tsattsafo, wannan ba abin tsoro ba ne, amma in kin ga yaro da kwano yana kwarfa ba hutawa tun jirgi bai tashi ba, ki jira na gaba. Ki danna farce ko makulli a katakon da ke kusa da haɗi, in ya nutse kamar a cikin rogo dafaffe, ruɓa ce. Bayan kowa ya zauna ki dubi tazarar bakin jirgi da ruwa. Ni dai in ba ta kai ɗani guda ba sauka nake yi, ko za a yi mini dariya, an kuwa sha yi. Babur da buhunan hatsi su bi wani sahun. Kada a tsallaka da duhu. In akwai rigar kariya ki sa, ki sa wa yaro, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ma abin da take ta nanatawa ke nan, kodayake a mashiganmu ganin rigar sai an dace. Ki tattare dogon hijabi da zane kada su naɗe miki ƙafa, goyo kuma shawarata ki sauko da shi gaba inda kike ganin fuskarsa. In kun sauka ki wanke wa yara hannu kafin su ci wani abu.

Matan wasu ƙauyuka suna da adashi na biki da na suna. Ban ga abin da zai hana a yi na jirgi ba, a tara a saya wa mai fito kwalta da auduga da katako biyu tun bazara, da sharaɗin ya ajiye baƙin mai, ya kuma yi aikin nesa da inda ake ɗibar ruwa. Mu ne dai muke shiga da ciki da goyo.

Saura abin da ke biyo jirgi har cikin gida. Tsofaffin katakan da aka cire, masu kwalta da fenti da baƙin mai, kada su shiga murhu, kada a ƙyafe kifi da su, hayaƙinsu guba ne ga mai girki da abin da ake girkawa. In narkakkiyar kwalta ta zubo wa wani, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, kada a ɓare ta, kada a wanke da fetur ko kananzir, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai asibiti. Tsumman da aka goge banish ko mai da su kada a dunƙule su a jefa lungu, wasu irin suna ɗaukar zafi da kansu har su kama wuta, a shanya su a fili ko a tsoma a ruwa.

Mafi yawan abin da ke kawo mana yara asibiti daga irin wannan aiki kuwa shi ne tina da kananzir da aka zuba a robar lemo ko ta ruwa aka ajiye a ƙasa. Yaro ɗan shekara biyu da ƙishin bazara ba ya tambaya. In hakan ta faru, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, domin aman ne ke kai man cikin huhu, can ne kuma yake yin kisa. Ki cire masa rigar da ta jiƙe, ki wanke masa jiki da baki, ki riƙe shi a zaune. Ko ya yi kamar ya warware ki kai shi, domin tari da saurin numfashi kan iya tasowa bayan sa'o'i. Ki ɗauki robar da ya sha ki tafi da ita, ma'aikatan jinya su ga ko mene ne.